Kwantenar da Ba Ta Hawa Tirela

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwamfuta ya san wannan takaicin: ka shafe awa guda kana rubuta 'yar manhajarka da Python, washegari ka dawo ka tarar wani ya goge, ko an ba ka wata kwamfutar da ba ta da kayan aikin. A wannan makon mun kawo bayani a kan dabarar da masu rubuta manhaja suke bi su kauce wa haka.

Mu fara da kwantenar da muka sani, irin wadda tireloli ke ɗauka a hanyar Zariya zuwa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a 2023. Amfaninta shi ne an haɗa kaya wuri guda an rufe, jirgin ruwa ya ɗauka, jirgin ƙasa ko mota su karɓa, ba sai an sauke an sake lodi ba. A 2013 aka fito da wata manhaja mai suna Docker da ke yin irin wannan a cikin kwamfuta. Takan haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya, shi ma ana kiransa kwantena, ya yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Ba ta da nauyi sosai, domin tana aron zuciyar Linux ta na'urar da take kai ne maimakon ta zo da tata.

To me za mu saka a ciki? Edita, wato shafin da ake rubuta umarnin manhaja. Wanda ya fi shahara shi ne VS Code na kamfanin Microsoft, da ya fito a 2015, kuma akwai wani nau'insa mai suna code-server da ake buɗewa ta burauza kamar yadda ake buɗe Facebook. Editan yana zaune a wata kwamfuta mai ƙarfi da ake kira uwar garke, kai kuma ta taga kawai kake leƙawa. Yayyenmu da suka zana JAMB sun ga irin wannan: kwamfutar gabanka nuna tambaya kawai take yi, wata ce ke riƙe da komai.

Haɗawar ba ta da yawa. A zaɓi kwamfutar da ta fi lafiya a ɗakin, a saka mata Ubuntu, sannan Docker. A sauko da samfurin code-server, wanda zai ci data megabait ɗaruruwa, amma sau ɗaya ne. Sai a tayar da kwantenar a buɗe mata ƙofa mai lamba 8080. Duk kwamfuta ko wayar da ke kan wayifai ɗaya da ita, in an rubuta adireshin uwar garken da wannan lamba a burauza, za a nemi kalmar sirri, edita ya bayyana. Daga samfuri ɗaya ana iya tayar da kwantena da yawa, kowane ɗalibi da tasa ƙofar: 8081, 8082, haka dai. Kuma a cikin ɗakin, bayan an gama saukewa, ba a buƙatar intanet.

Ga inda muke so a natsu. An ƙera kwantena ne don a iya jefar da ita a tayar da sabuwa cikin daƙiƙoƙi. In aka cire ta, duk abin da aka rubuta a cikinta ya tafi. Mun ɗanɗana wannan: a gwajinmu na farko ɗaya daga cikinmu ya yi kwana uku yana gina shafin sakamakon jarrabawa, muka cire kwantenar don gyara wani ƙaramin kuskure, aikin ya bi ta. Maganin shi ne tun wajen tayarwa a ɗaure mata wata jakar fayil da ke kan ainihin uwar garken. Ku ɗauke ta kamar rumbu: ko an rushe rumfar gona, hatsi yana nan. Alamar da ake sakawa a umarnin ita ce -v, harafi ɗaya tak, amma shi ya raba mu da aikin kwana uku.

Sai maganar nesa. Ɗalibin da ya tafi hutu Kibiya ko Rurum ba zai ga kwamfutar da ke Rano ba, sai in uwar garken tana kan intanet. Nan ko dai a yi hayar na'ura ana biya wata-wata, ko a yi amfani da GitHub Codespaces, wanda ke tayar maka da kwantena mai edita a ciki, kuma yana ba da wasu sa'o'i kyauta kowane wata. Wayar Android ta isa, sai dai rubutu da babban yatsa akwai wahala. Mun fi son a jona mata kibod. In sabis ya yanke, rubutu zai tsaya cak, amma abin da aka ajiye yana can.

Kalmar sirri kuma ba wasa ba ce. Wanda ya shiga editanka zai iya ba kwantenar kowane umarni, ya karanta fayilolinka ko ya share su. Akwai masu yawo a intanet dare da rana suna neman ƙofofin da aka bari a buɗe. Kada a saka 1234 ko sunan makaranta, kuma kada a buɗe ƙofar ga duniya sai malamin kwamfuta ya duba.

Matsalar da ba mu warware ba ita ce wuta. In ta ɗauke, uwar garke ta mutu, kowa ya tsaya lokaci guda. Shawararmu ga malamai ita ce, in an samu sola ko ƙarama ce, a fara ba wannan na'ura ɗaya. Sauran za mu iya lallaɓawa da wayoyi. Mai son ganin yadda ake tayar da kwantena ya same mu ranar Alhamis bayan Azahar, ya zo da littafi da biro.