Ko Kun Sani? Turbo Yana Ƙara wa Famfon Mai Aiki

Injin fetur yana ƙona mai daidai ne idan kowane giram 1 na fetur ya haɗu da giram 14.7 na iska. Turbo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, yana cusa iska fiye da yadda injin zai shaƙa da kansa, don haka dole mai ma ya ƙaru.

A motoci da yawa famfon mai yana tura fetur da matsin da ya kai bar 3 (bar ma'aunin matsi ne). Idan turbo ya ƙara bar 1 na matsin iska, sai famfon ya kai bar 4 kafin nozil ta fesa mai yadda ya kamata. Sai dai duk lokacin da matsi ya hau, yawan man da famfo ke turawa raguwa yake yi. Idan mai ya gaza, sai injin ya yi zafi, har fistin ya narke.

Shi ya sa makanikai ke sauya famfo, su ba shi waya mai kauri, su bar ƙwaƙwalwar mota ta riƙa kashe shi da zarar injin ya mutu, gudun gobara.