Dajin da ke Ƙarƙashin Gona

Tambayi kowa maganin gurgusowar hamada, zai ce a dasa itatuwa. Sai a tara jama'a, babban baƙo ya tsuguna ya sa ɗan dashe a rami, a tafa, a watse. Koma wurin da bazara ka gani. Awaki sun ci rabonsu, rana ta ƙone sauran. Ban ce dashe laifi ba ne, amma na gaji da jin ana maganarsa kamar ba wata hanya sai shi.

A 1981 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo ƙasar Maraɗi aikin gona, ya yi ta rabon dashe, dashen na ta mutuwa. Wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyen da kyau, ashe tohon bishiya ne da aka daɗe da sarewa. Kututturen na da rai, saiwar ta yi nisa cikin ƙasa tana shan danshi. Irinsa kuwa ba iyaka a gonaki, duk shekara ana sassabe su a cinna musu wuta.

Dabarar raya su ba ta fi wuƙa da haƙuri ba. Manomi ya zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. A Nijar ana ce mata sassaben zamani.

Da farko mahaukaci aka ɗauki Rinaudo, don gona fes ita ce shaidar manomin kirki. Ga kuma dokar wancan lokaci: itace na gwamnati ne, ka sare reshe a gonarka malamin daji ya ci ka tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Sai bayan yunwar 1984, da kuma sassaucin dokar, abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram. An ƙiyasta an farfaɗo da bishiyoyi miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

A nan dole in tsaya kan gawo. Masu cewa inuwar itace na kashe gero ba su lura da shi ba ne. Gawo baya da baya yake yi da sauran itatuwa: da damina ya kakkaɓe ganyensa, hasken rana ya sauka kan shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da daji ya bushe ƙayau, sai ya yi kore shar, shanu su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Duba zangarniyar geron da ke ƙarƙashinsa, ka auna ta da ta tsakiyar fili.