Thought, taught, sought: inda kunne ke yaudarar alƙalami

Duk malamin Turanci da ke duba takardun insha'i a sakandaren Sakkwato ya san inda jan biro ya fi ƙarewa, wato aikatau na shuɗaɗɗen lokaci waɗanda ba sa karɓar -ed. Yaro na nufin "na yi tunani", sai ya rubuta sought ko taught a gurbin thought. Wani ya sa bought inda brought ta dace. Abin ba na wasa ba ne, domin WAEC da NECO suna zabge maki kan kuskuren rubutu, kuma ba a shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai da kiredit a Turanci.

Ana yawan ɗora laifin kan daƙiƙancin ɗalibi, alhali kuskuren yana da asali. A Hausa aikatau ba ya sauya kama don lokaci ya wuce: "ya saya", "zai saya", abin da ke gabansa ne ke ɗauke da lokacin. Sannan rubutun boko ya koya wa yaro ya rubuta abin da kunnensa ya ji. To Hausa ba ta da sautin th, Bahaushe kan mai da shi s, sai thought da sought su zama abu ɗaya a bakinsa. Ita kuwa gh ɗin da ke tsakiyarsu ba ta da amo ko kaɗan a yau. A da Turawan Ingila na furta ta kusa da harafin خ na Larabci. Furucin ya ɓace, amma rubutun ya daskare bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a 1476. Yaro bai isa ya ji harafin da masu harshen suka daina faɗa ɗaruruwan shekaru ba.

Saboda haka jerin da ake ba ɗalibai su haddace daga arise har write, bisa tsarin abacada, ba ya warkar da ciwon. Maganin yana nan cikin gida. Almajirin zaure a Sakkwato ba ya koyon aikatau na Larabci ɗaya-ɗaya, a kan awo yake koyonsu: ya san ƙala da yaƙulu, ya gane danginsu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara ilimin sarfu cikin baitoci a littafinsa Hisnur Rasin. Aikatau marasa bin ƙa'ida na Turanci, kusan 200, su ma dangi-dangi ne. Bought, brought, fought, sought da thought gida ɗaya suke, masu ou; caught da taught masu au ne, kuma a ɗin tana nan cikin catch da teach. Paid, laid da said wani gidan ne, kamar yadda kept, slept da wept suke nasu.

Wani zai ce ai waya na gyara rubutu yanzu. Tana gyara kalmar da babu ita, kamar teached, amma sought kalma ce sahihiya, sai ta bar ta a inda thought ake nufi. Ga shi kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Wani kuma zai ce wasu aikatau ba su da dangi. Gaskiya ne: went daga wani tsohon aikatau, wend, aka aro ta, kuma read ba ta sauya rubutu alhali lead na komawa led. Irin waɗannan sai hadda, amma 'yan kaɗan ne, malami zai iya ware musu darasi guda tare da shifta a jimloli.