Dausayin Haɗeja da Nguru: Mafakar Tsuntsaye

Mu mazauna Tudun Wada ba mu da gaɓar teku, amma mun san fadamar Rima. To, irinta ce shimfiɗe tsakanin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kowace damina.

Da zarar sanyi ya kama a Turai, sai dubban agwagin ruwa su keto Sahara su sauka a can, su tarar da 'yan gida, wato kirinjijiya da dinya da zalɓe. Saboda su aka keɓe tafkin Dagona, aka hana farauta a cikinsa. A shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke karewa.

Sai dai fa doka tana iya korar maharbi, ba ta iya kawo ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu. Ruwan da ake saki rani da damina kuwa ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta zama sheƙar jan-baki mai cinye shinkafa. Masunci da manomi da makiyayi duk sun ji a jikinsu, kamar yadda manoman fadamarmu suka ji bayan an datse kogin Sakkwato a Bakolori a 1978.