Jawo Wuta Daga Cikin Kwamfuta: Amfaninsa Da Haɗarinsa

Samari masu sha'awar ƙere-ƙere a Abuja, musamman masu zirga-zirga a Banex Plaza da ke Wuse II inda ake cinikin kwamfutoci da wayoyin hannu, sun daɗe da gane cewa kwamfutar tebur rijiya ce ta wutar lantarki. Wanda ya harhaɗa 'yar fanka, ko fitila, ko allon Arduino da aka ƙago a Italiya cikin 2005, yakan so ya ba shi wuta daga jikinta maimakon sayen batir.

Dalili kuwa shi ne, a cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai wani akwatin ƙarfe wanda ke karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya sauke ta zuwa bolt 12, da 5, da 3.3. Kamfanin Intel ne ya fito da wannan tsari mai suna ATX cikin 1995, kuma launin waya shi ke nuna abin da take ɗauke da shi. Rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuwa ita ce hanyar komawar wuta.

Hanya mafi sauƙi ita ce kafar USB, sai dai wutarta ba ta da yawa. USB 2.0 tana ba da bolt 5 da rabin amfa, watau wat biyu da rabi ke nan. Na'urar da ta fi ƙarfin haka sai an jawo mata wuta daga filogin nan mai baki huɗu da ake kira Molex, mai ɗauke da rawaya ɗaya, ja ɗaya, da baƙaƙe biyu. Masu gyara sukan huda ɗaya daga faifan ƙarfen da ke toshe ramukan bayan kwamfuta, su ɗaura soket, su liƙe wayoyin da dalma, su rufe mahaɗar sarai.

To, a nan ne ake bukatar hattara. Akwatin yana iya turo wuta mai yawan gaske, har siririyar waya ta yi zafi ta narke idan ta taɓa jikin ƙarfe. Saboda haka wajibi ne a sa fis a kan kowace waya mai fita, wanda ƙarfinsa ya ɗan ɗara abin da na'urar ke ci. Haka kuma soket ɗin bolt 12 ya bambanta da na bolt 5 a siffa, domin kuskure ɗaya ya isa ya ƙone aikin wata guda. Kafin a taɓa kome a zare filogi daga bango, kuma kada a kuskura a buɗe akwatin kansa, gama akwai abubuwa a ciki masu riƙe wutar da ta haura bolt 300 ko bayan an kashe.

Ga mai koyo, abin da ya fi shi ne ya nemi tsohon akwati dabam a wurin masu gyara. Idan an haɗa koriyar waya da baƙa zai tashi ba tare da kwamfuta ba. In ma wani abu ya ƙone, asarar ba ta kai ta kwamfuta da duk ajiyar da ke cikinta ba. Rigakafi dai ya fi magani.