Tsohuwa da Shirin Ƙafa Kafin Tafiya Makka

Uwargida, ajiye muciyar nan ki matso, in Iya ko Goggo na kusa ki kirawo ta, don maganar yau tata ce. Ke ma za ta iso kanki in Allah ya ja kwana.

Mu nan Dawanau, mace sai ta yi shekara talatin a ɗakin miji tana jin rugugin manyan motoci masu lodin masara da riɗi da zoɓo a kasuwar hatsin nan da aka kafa tun 1985, amma ba ta taɓa taka cikinta ba. Kaya na tafiya har Nijar da Chadi, ita kuwa iyakarta ɗaki, madafi, bakin rijiya, sai unguwa da dare. Ran da haihuwa ta tsaya, yara suka tasa, sai fita ta samu: barka, dubiya, gaisuwar mutuwa, kai amarya, duk ita ake turawa. To, sai dai a lokacin gwiwa ta fara ƙara, ƙafar kuma ba ta saba da nisa ba.

Ni sai da na haura sittin yara suka biya mini kujerar Makka. Na shirya yaji, na shirya kuka da daddawa, na ɗinka sababbin kaya, amma ban shirya ƙafata ba, kuma ita ce ta so ta ba ni kunya.

Kakanninmu a ƙasa suke zuwa, su bi ta Barno da Chadi su shiga Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Wasu shekaru suke yi a hanya suna ƙwadago don neman guzuri, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na Sudan har yau. Yanzu daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda awa huɗu ne zuwa biyar. Shi ya sa muke zaton wahala ta ƙare. Ina! Jirgi ba zai yi miki ɗawafi ba. Kewaye bakwai ne, a cikin turmutsutsu. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai, kin ga ya haura kilomita 3. Ga tafiya daga tantin Mina zuwa wurin jifa, a dawo. Ga zafi: a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, hukumomin Saudiyya suka ce yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya ne a rana ba mafaka.

Abin yi ba ya buƙatar ki fita zaure. Wata uku kafin tashi, ki riƙa zagaya tsakar gida bayan asuba da kuma bayan la'asar. Fara da minti 10, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan har ki kai rabin awa ba ki yi haki ba. Ki yi da takalmin da za ki tafi da shi, don sabon takalmi mugu ne. Kishiya za ta yi dariya, jikoki za su bi ki a baya suna tafi. Bar su.

Sai asibiti. A auna miki hawan jini da siga, ki karɓi allurar sanƙarau da ta shawara, kuma don Allah kada ki ɓoye wa likita ciwo wai kada a hana ki tafiya. Maganinki ya zauna a jakar hannu, ba a babbar jaka ba. Mai ciwon siga kada ta taka ƙasa ba takalmi a farfajiya da rana, domin ƙafarta na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Ga inda na yi kuskure: ruwa. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, mu kuma muna ƙin sha don gudun layin banɗaki. Haka na yi a Arfa, sai jiri ya ɗebe ni, na farka 'yan tantinmu na yi mini fifita. Ki riƙa kurɓa ko ba ki jin ƙishi. In kuma ƙafa ta gaza, akwai keken turawa, akwai wakilci a wajen jifa ga mai rauni; ki tambayi malamai tun a wurin bita, ba abin kunya ba ne.

Ke kuma uwargida, ko ba maganar Makka, kada ki ƙwace wa surukarki duk aiki da sunan ladabi. Bar ta ta yi shararta, ta tsinci wakenta, ta ba awakinta dusa, ta taka zuwa gidan suna. Zaman tabarma wuni guda shi ke sandarar da gwiwa. Maƙwabciyata ta haura tamanin, har yanzu ita ke kai ƙanzo da dusa garke da kanta, ranar da aka hana ta kuwa faɗa ake yi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.