Sojan Amurka Da Bindigar Rasha A Kafaɗarsa

Idan aka ce sojojin wata ƙasa sun tsoma hannu a yaƙin basasar wata, mutane kan ɗauka da makamansu na gida suke zuwa. Ba kullum ba ne. A ranar 4 ga Satumba, 1918, ana cikin yaƙin basasar Rasha, sojojin Amurka kimanin 5,000 suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Arkangel a arewacin Rasha, kowannensu rataye da bindiga samfurin Rasha, irin wadda abokan gabarsu 'yan Bolshebik suke riƙe da ita.

Tun a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Rasha ta ga masana'antunta na Tula da Izhebsk ba za su iya wadatar da sojojinta ba. Sai ta ba kamfanonin Amurka biyu, Remington da New England Westinghouse, kwangilar ƙera mata bindigogi sama da miliyan 3 samfurin Mosin-Nagant, wadda rundunarta ta fara amfani da ita a 1891. Ana cikin aikin sai juyin juya halin 1917 ya kifar da Sarkin Rasha, daga baya 'yan Bolshebik suka karɓi mulki, suka kuma fice daga yaƙin a watan Maris na 1918. Kamfanonin suka wayi gari da tulin bindigogi babu mai biya. Gwamnatin Amurka ce ta saye kusan 280,000 don kada su durƙushe.

Su kuwa samarin da aka tura, akasarinsu 'yan jihar Mishigan ne, da yawa daga birnin Ditiroit. An horar da su a sansanin Custer, kuma Faransa suka sa ran zuwa. Suna isa Ingila aka sauya musu hanya, aka karɓe bindigoginsu samfurin Enfield, aka miƙa musu Mosin ɗin da kamfanonin nan suka ƙera. Hujjar manya ita ce akwai harsasan Rasha jibge a Arkangel, cikin kayan yaƙin da ƙawayen Rasha a Yaƙin Duniya suka aika tun zamanin Sarki, don haka babu dalilin ɗauko wasu daga nesa. A takarda lissafi ne mai kyau. Sai dai kafin ƙawayen su iso, 'yan Bolshebik sun riga sun kwashe mafi yawan kayan sun yi cikin ƙasa da su.

Bindigar kanta ba ta yi wa baƙin daɗi ba. Doguwa ce, ta kai mita ɗaya da santimita 30 tun ba a ɗaura mata banati ba, kuma harsashi biyar take ci. Bayan kowane harbi sai soja ya ɗaga mariƙin ƙarfen da ke gefe, ya ja baya kwanson ya fita, ya tura gaba wani harsashin ya hau. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne saiti. Lambobin da ke jikinsa da ma'aunin Rasha aka rubuta su, wato arshin, wanda bai wuce santimita 71 ba, alhali sojan Amurka da yadi ya saba, mai santimita 91. Kamar wanda ya girma yana awo da mudu ne aka damƙa masa tiya ranar kasuwa. Ga wani abin kuma: an daidaita saitin ne bisa cewa banatin na ɗaure a bakin bindiga, domin haka sojan Rasha yake yawo da ita. Wanda ya cire shi don rage nauyi, harsashinsa sai ya kauce. Ba mamaki da suka riƙa ƙorafin ba ta harbi daidai.

Duk da haka, a ganina waɗanda suka yanke shawarar ba su yi wauta ba. Tashar Arkangel daskarewa take yi da hunturu, jirage su yi watanni ba sa shiga cikin sauƙi. Sojan da bindigarsa ke cin harsashin da ake samu a ƙasar da yake yaƙi, har a jikin abokin gabar da ya faɗi, ya fi wanda ke jiran jirgi daga Ingila kwanciyar hankali. Da waɗannan bindigogin aka gwabza a ƙauyen Tulgas ranar 11 ga Nuwamba, 1918, ranar da aka tsagaita wuta a Turai, da su kuma aka ja da baya daga Shenkursk cikin dusar ƙanƙara a Janairun 1919.

A can gabas, labarin dabam ne. Sojojin Amurka kusan 8,000 da Janar William Graves ya jagoranta a Saberiya sun riƙe bindigarsu ta gida, Springfield samfurin 1903, domin tashar Biladibostok na buɗe musu ta tekun Fasifik. Japan, wadda ta fi kowa yawan dakaru da kusan 70,000, ta zo da bindigarta samfurin Arisaka, tunda gida na kusa. Yaƙi ɗaya, ƙasa ɗaya, amma hanyar kawo harsashi ce ta zaɓa wa kowa abin da zai rataya.

Dakarun Arkangel sun fara komawa gida a watan Yunin 1919, bayan sun rasa mutum sama da 200, da dama daga cikinsu murar da ta addabi duniya a 1918 ce ta kashe su. Na Saberiya sun fice a Afrilun 1920, Japan kuma ta bar Biladibostok a 1922. Mosin ta ci gaba da aiki har ta yi Yaƙin Duniya na Biyu a hannun sojan Sobiyet. Harsashinta mai faɗin milimita 7.62, wanda ya fi na AK-47 tsawo, har yau shi bindiga mai sarrafa kanta samfurin PKM take ci.